Ƙwaƙwalwar da Aka Ɗinke Cikin Jar Fata

Sufeto Zuwaira ba ta gama shan kununta ba ta ji hayaniya a ƙofar ofis. Ta ajiye kofin ta fito. Mutane ne cike da harabar ofishin 'yan sanda na Bodinga, sun sa wani matashi a tsakiya, rigarsa a yage, leɓensa yana jini. Wani dogon mutum ya riƙe masa wuyan riga.

"Ku sake shi," in ji ta. "Nan ba kasuwa ba ce."

Dogon ya sake shi da ƙyar. Saje Bilyaminu, wanda suke aiki tare, ya ja matashin ya shige da shi ciki.

"Wane ne kai?" ta tambayi dogon.

"Kamilu Mainasara. Wanga ɓarawon, Sadiƙ mai gyaran waya, ya shiga gidanmu da sahe ya bugi mahaifina. An ishe shi kwance cikin jini. Yanzu an wuce da shi asibiti Sakkwato, ko magana ba ya yi."

"Ka gan shi da idonka?"

"Ban gani ba. Amma an gan shi ƙofar gidanmu da sassahe. Kuma duk garin ga shi kaɗai ya san darajar abin da anka ɗauka, har ya taɓa neman saye."

"Me aka ɗauka?"

Kamilu ya rage murya, kamar mai jin kunyar faɗi.

"Ƙwaƙwalwar kwamfuta."

Kafin ta fita, DPO ya kira ta ofishinsa. Yana tsaye a taga yana kallon mutanen da suka ƙi watsewa.

"Idan tsohon nan ya cika, maganar ta fi ƙarfinmu," in ji shi. "Bayan la'asar mota za ta tafi Sakkwato, sashen manyan laifuka. In ba ki kawo min wani abu ba kafin nan, yaron nan zai bi ta. Ba zan iya tsare shi a nan ba, kina ganin ƙofa."

Zuwaira ta san abin da hakan ke nufi. Wanda aka tura da tuhumar kisa, ko yana da gaskiya, zai daɗe a tsare kafin a kai ga saurarensa.

Gidan Malam Mainasara yana bayan masallacin unguwa. Zaure cike yake da masu jaje. Wani mutum gajere mai faɗin kafaɗa ya miƙe ya ba su hanya.

"Sannu da zuwa, ranki shi daɗe. Ni Maniru, maƙwabcin Malam a fadamar Danchadi, gonarmu kai da kai. Daga gona na zaka na ishe wanga tashin hankali. Da ni anka sa shi mota."

"Ya yi magana?"

"Ko kaɗan. Yaran zamani ba su da tsoron Allah."

Ɗakin da abin ya faru ƙarami ne, a jikin zaure. Akwai tabarma, da teburi gajere, da jini da ya bushe a kusurwar teburin. Tsohuwar talabijin tana kunne, ba hoto, sai shuu take yi. A gabanta akwai wata baƙar na'ura sirara, ba ta kai allon karatu girma ba, da haruffa a jikinta. Gefe kuma rikoda mai kaset. Duk an jona su da batirin sola. Wayar Malam tana kan tabarma, ba wanda ya taɓa ta.

Rahama, 'yar Malam, malama ce a makarantar Islamiyya. Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ya kumbura.

"Wannan ce kwamfutar?" Zuwaira ta tambaye ta.

"Ita ce. Ta girme ni. Tun yana aiki da ma'aikatar gona wani Bature ya bar mai ita. Shi da kainai ya koyi rubuta mata aiki."

"Wane aiki take yi?"

"Lissafin albasa. Yana sa mata ranar da anka dasa, da zafin da anka yi, ta gaya mai lokacin da za a tsai da ban-ruwa. In an tsai da ruwa a kan lokaci, albasa ba ta ruɓewa wurin ajiya. Tamu takan kai har damina lahiya lau."

"Ƙwaƙwalwar fa?"

Rahama ta nuna bayan na'urar, inda wani ɗan baki yake a buɗe.

"Nan ake jona ta. Ɗan akwati ne kamar sabulu. Ba ya barin shi a jiki, cikin aljihu yake yawo da shi. In ya dawo masallaci da asuba sai ya zauna, ya fiddo shi, ya yi bisimilla, ya hure ƙurar bakin, ya jona, sannan ya kunna."

"Kullum?"

"Kullum. Ƙofa buɗe, kowa na gani."

"Me kika ji yau?"

"Na ji kukan kaset, na san ya fara. Can na ji magana, na ɗauka masu gaisuwa ne. Sai na ji kamar abu ya faɗi, na ji tashin babur. Da na kawo mai kunu na ishe shi ƙasa."

Zuwaira ta durƙusa ta leƙa bayan na'urar. Ƙananan haƙoran ƙarfen da ke bakin sun karkace gefe guda, wasu sun yi baƙi. Ta kai hanci, ta ji ƙaurin ƙonewa.

"Baba yana cire shi wuta na kunne?"

"Sam. Ko wucewa munka yi muka girgiza teburin sai ya yi faɗa."

Daga cikin gida aka ɗaga kuka, aka kira Rahama. Ta ruga. Zuwaira ta ci gaba da dubawa. A ƙarƙashin rikoda ta ga wata 'yar leda da babu komai ciki, da tambarin shagon Sadiƙ a jiki. A jikin na'urar kuma wani guntun igiyar fata ja yana ɗaure, an tsinke shi da ƙarfi. Ta kwance shi ta sa a aljihu tare da ledar.

A ofis, aka fito da Sadiƙ daga bayan kanta aka zaunar da shi a benci.

"Ka je gidan Malam yau?"

"Ban je ba, wallahi. Ina shago tun safe."

Ta ajiye ledar a gabansa. Ya kalle ta, ya sunkuyar da kai.

"Sadiƙ, bayan la'asar za a sa ka a mota. Duk ƙaryar da ka yi min, lokacinka kake ci. Ka je ko ba ka je ba?"

"Na je."

"Me ya kai ka?"

"Robar rikodarsa ce ta tsinke, na samo masa wata. Na kai masa bayan sallar asuba, na sa masa, na tafi. Na bar shi lafiya, yana ma yi min tsiya wai na makara."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Kin ga yadda suka yi da ni tun ban ce na je ba."

"Kamilu ya ce ka nemi sayen ƙwaƙwalwar."

"Gaskiya ne. Na sa hoton kwamfutar a waya, wani mutum a Legas mai tara irin waɗannan tsofaffin kaya ya gani, ya dame ni. Na yi wa Malam magana, ya ce ko gidan mutumin za a ba shi ba ya sayarwa. Muka yi dariya, magana ta wuce."

"Yi min bayani kamar ban san komai ba. Mene ne amfanin akwatin?"

Sadiƙ ya goge leɓensa. Muryarsa ta ɗan daidaita.

"Irin waɗannan kwamfutocin na da, ƙwaƙwalwarsu ta ciki ƙarama ce ƙwarai, da ƙyar take riƙe shafi ɗaya na rubutu. Aikin da Malam ya rubuta ya fi ƙarfinta. Shi ya sa ake sayen akwatin daban a jona a baya, ya ƙara mata wurin riƙe aiki. In babu shi, kaset zai yi ta kuka ne a banza."

"Akwai wani sirri da yake ajiyewa a ciki?"

"Babu. Ba kamar katin waya ba ne. Da an kashe wuta, komai ya goge. Aikin yana kan kaset."

"In aka fizge shi wuta na kunne fa?"

Ya ɗago da sauri.

"An fizge shi a kunne?"

"Amsa min."

"Ya ƙone ke nan, ko ya ƙona kwamfutar, ko duka biyun. Wanda zai sayar ba zai yi haka ba. Kashewa zai yi, ya zare a miƙe. Kuma ai da kwamfutar zai haɗa, ba ta da nauyi."

Zuwaira ta fito da guntun igiyar.

"Wannan fa?"

"Igiyarsa ce. Akwatin yana da motsi, in ya ɗan girgiza sai aiki ya ɓace. Malam yakan ɗaure shi a jikin kwamfutar da ita."

"A ina igiyar take kamawa a jikin roba?"

"Ai ba roba ba ce yanzu. Robar ta fashe shekarun baya. Na ce ya bari in nemo masa wani kwali, ya ƙi. Ya kai wa wani baduku abokinsa a Shagari, Aliyu, ya ɗinke masa shi tsaf cikin jar fata, da ɗan murfi a baki."

Zuwaira ta juya igiyar a yatsa.

Wayar ofis ta yi ƙara. Ɗan sandan da ke wurin ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye a hankali.

"Oga, daga asibiti ne. Malam Mainasara ya rasu."

Sadiƙ ya yi salati ya kifa kai a gwiwa. Labarin bai daɗe ba ya kai waje. Hayaniyar ƙofa ta canza, ta yi kauri. Wani ya jefo dutse ya faɗa kan kwanon rufi.

"Mayar da shi ciki," in ji Zuwaira. "Saje, ɗauko mota."

Rana ta take tsaka lokacin da suka hau titin Shagari. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu.

"Saje, in ka ga dattijo ya fito da abu ɗinke cikin jar fata, da igiya, ya yi bisimilla ya hura masa iska, me za ka ce?"

Bilyaminu bai ɗauke ido daga titi ba.

"Laya ce, yana mata tofi."

"In kuma albasarsa ba ta ruɓewa, ta kowa na ruɓewa?"

Ya juyo ya kalle ta, ya ƙara taka mota.

Suka biya ta ofishin 'yan sandan Shagari suka sanar da zuwansu, aka nuna musu rumfar Aliyu Baduku a bakin kasuwa. Tsoho ne mai farin gemu, zaune kan buzu, yana huda kube da basilla. Fatu ja da baƙi suna rataye a bayansa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu ɗiyata. Takalmi ko jaka?"

"Tambaya. Ka san Malam Mainasara na Bodinga?"

"Wa bai san shi ba?"

"Ka ɗinke masa wani ɗan akwati cikin fata."

"An daɗe. Tsufa ya sa ba komi nike tunawa ba."

"Akwai wanda ya zo maka da maganar akwatin kwanan nan?"

Tsohon ya ci gaba da huda.

"Mutane na zuwa, mutane na tahiya. Baduku ba ya faɗin abin da anka kawo mai. Haka munka gada."

Zuwaira ta kalli fatar da ke shimfiɗe kusa da ƙafarsa. An yanke doguwar siririyar igiya daga gefenta, yankan sabo ne, ɓarɓashin yana nan kan buzu. Ta fito da guntun da ke aljihunta ta ɗora a kai. Launinsu ɗaya.

"Wa ka yanka wa igiya yau, Baba?"

"Mai kuɗi nai."

"Malam Mainasara ya rasu ɗazu. Buge shi aka yi a ɗakinsa, aka fizge akwatin. Akwai yaron da ke tsare, za a tura shi Sakkwato bayan la'asar a kan laifin."

Basillar ta faɗi daga hannun tsohon. Ya daɗe yana salati.

"Cewa ya yi Malam ya ba shi. Wallahi cewa ya yi ya ba shi aro."

"Wa?"

"Maniru na Danchadi, mai albasa."

"Faɗa min daga farko."

"Kwanan baya ya zaka nan, ya ce ya ga ɗinkina jikin layar Malam, in gaya mai wane malami ya rubuta abin da ke ciki. Na ce ba laya ba ce, ƙarhe ne da wayoyi, ni na ɗinke da hannuna. Ya yi dariya. Ya ce duk baduku haka yake cewa, an rantsar da mu. Ya ce da idonai yake ganin Malam na yi mata tofi kowace sahiya, sannan ya sa ta bakin na'ura ta karanta mai."

"Yau fa?"

"Yau ya zaka da ita cikin aljihu, igiya tsinke. Ya ce in sa mai doguwa wadda zai rataya ga wuya. Bai daɗe da tashi ba. Da kun yi sauri da kun ishe shi nan."

Ta koma gefe ta kira DPO. Hayaniya ta cika wayar, da ƙyar take jin sa.

"Maganar baduku ba za ta watsa mutanen nan ba," in ji shi. "Sun ƙaru. Kawo min abin da aka sata, da wanda aka same shi a hannunsa. In an sallame la'asar ban ji ki ba, mota za ta tashi."

Hanyar Danchadi ta rabu da kwalta ta shiga yashi. Sau biyu mota ta nemi kafewa. Inuwar itatuwa ta fara miƙewa gabas. Zuwaira ta riƙa kallon ta, ta daina kallon agogo.

A bakin gari suka tambayi wasu mata masu ɗaukar ruwa, aka nuna musu bayan gari, inda manoma suke jera rudu, rumbunan kara da ake ajiye albasa a ciki. Wari ne ya fara tarar su. A gaban wani rudu an zube tarin albasa da ta yi baƙi tana zubar da ruwa, ƙudaje sun rufe ta. Maniru yana durƙushe yana tsince mai kyau. Babur ɗinsa yana jingine a gefe.

Da ya gan su ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Ranki shi daɗe. Har nan?"

"Har nan. Na ɗauka kana gidan Malam."

"Na dawo in duba kaya. Kin ga halin da nike ciki."

"Daga Bodinga nan ka yo kai tsaye?"

"Kai tsaye."

Saje ya zaga ya tsaya tsakaninsa da babur. Ya ɗora hannu kan injin, ya janye da sauri.

"Oga, wannan injin ya yi tafiya mai nisa."

"Rana ce," in ji Maniru.

"A inuwa yake," in ji Saje.

Zuwaira ta matso. A wuyan taguwar Maniru, ta gefe, sabuwar igiyar fata ja ta leƙo.

"Me ke wuyanka?"

Ya kai hannu ya dafe ƙirji.

"Tsari ne. Na gado. Tun kakana."

"Igiyar kakanka ba ta ko sha zufa ba. Ciro."

"Ranki shi daɗe, mace ba ta taɓa shi."

"Saje namiji ne. Ciro."

Ya kalli hanya, ya kalli Saje, ya kalli ƙasa. Daga cikin gari aka fara kiran sallar la'asar.

"Aliyu Baduku ya gaya min komai. Ciro da kanka, ko a ciro maka."

A hankali ya zaro igiyar ta kansa. Abin ya fito yana lilo, ɗan akwati ja mai kyan ɗinki, gefensa ya yi duhu saboda daɗewa a hannu. Bai miƙa ba. Ya rungume shi.

"Malam ne ya ba ni aro."

"Ɗazu na kakanka ne."

"Ya ba ni, wallahi."

"To buɗe mu gani. In takarda ce a ciki, laya ce, ba ita nake nema ba. Zan ba ka haƙuri in tafi."

"Ba a buɗewa. In an buɗe ta lalace."

Saje ya kama hannunsa ya murɗe, ya karɓe. Ya fito da reza daga aljihu ya bi ɗinkin gefe yana yankawa. Maniru ya yi wani irin nishi kamar shi ake yanka. Fatar ta buɗe biyu. Ciki akwai fasasshiyar baƙar roba, ƙarƙashinta wani koren allo ƙarami, da baƙaƙen abubuwa jere masu ƙafafun ƙarfe. Ɗaya ya ƙone ya tsage.

Maniru ya matso ya leƙa. Ya sa yatsa ya ɗaga allon, ya duba ƙarƙashi. Ya juya fatar ya duba bayanta.

"Ina rubutun?"

"Babu rubutu."

"An cire. Baduku ya cire."

"Ɗinkin tsoho ne, kana kallo aka yanka. Kayan kwamfuta ne, Maniru. Ƙara mata wurin riƙe lissafi yake yi, shi ke nan."

"Amma yana mata tofi. Da idona."

"Ƙura yake hurewa."

Maniru ya zauna daɓas kusa da ruɓaɓɓiyar albasar.

"Me ya faru da safe?" ta tambaye shi.

Ya fara magana, idonsa a kan albasar.

"Ƙasarmu ɗaya, ruwanmu ɗaya, irinmu ɗaya. Tashi ta kai damina, tawa ta narke tun bazara. Bara haka, bara waccan haka. In na tambaye shi sai ya ce, Maniru ka rage taki, ka tsai da ruwa da wuri, ka bari ta sha iska kafin ka zuba rudu. Na ce wannan kowa ya sani, ɓoye min yake."

"Ka yi abin da ya ce?"

"In na tsai da ruwa da wuri ba ta yin nauyi." Ya goge fuska. "Jiya na buɗe rudu na ga bana ma ta tahi. Ban yi barci ba. Da sahe na tai wurinai, na ce ya ara min layar ko ta kwana ɗaya in rataya cikin rudu. Ya yi dariya. Ya ce, wace laya? Dariyar ce ta ɓata min rai. Na kai hannu na fizga. Ya tashi ya riƙe min riga, na ture shi. Turewa kawai. Na ji kainai ya bugi teburi."

"Ka tsaya ka duba shi?"

"Na hau babur. Na kai bakin gari na ji ba zan iya ba, na dawo. Na ishe mutane sun taru, na shiga cikinsu."

"Kana kallo suka kama Sadiƙ suna duka."

Ya sunkuyar da kai.

"Kana kallo?"

"Ina kallo." Ya ɗago. "Ranki shi daɗe, in ya warke zan tai in durƙusa gabanai. Malam mai yafiya ne. Jikin nai da sauƙi?"

Zuwaira ta kalli Saje. Saje ya kau da kai.

"Ya rasu kafin azahar."

Da Saje ya zaro ankwa, Maniru da kansa ya miƙa hannuwa.

Ta danna lambar DPO. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake. A cikin gari an riga an tayar da salla. A kira na uku aka ɗauka, ta ji ƙarar inji a bayan muryarsa.

"Ranka ya daɗe, ƙwaƙwalwar tana hannuna. Wanda ya ɗauka ma yana hannuna, ya amsa da bakinsa a gaban Saje."

"Kin tabbata? Yaron yana cikin mota."

"Na tabbata. A sauko da shi. A kira Kamilu ciki shi kaɗai a gaya masa, kafin mu iso."

Ta ji DPO ya ɗaga murya yana kiran direba. Ƙarar injin ta mutu.

Suka sa Maniru a bayan mota, Zuwaira ta zauna kusa da shi. Manoman da ke sauran rudu sun bar aikinsu sun tsaya suna kallo, ba wanda ya matso. Mota ta fita daga yashi ta hau kwalta.

Da rufin gidajen Bodinga suka fara bayyana, Maniru ya yi magana, kansa a ƙasa.

"An kawo Malam gida?"

"Ana hanya da shi. Kafin magariba za a yi jana'iza."

"Ranki shi daɗe, don Allah kar a bi da ni ta ƙofar gidan. A bi ta bayan gari."

Saje ya dube ta ta madubi yana jiran umarni. Can gaba, mutane cikin fararen riguna sun fara ɗunguma zuwa unguwar masallaci, har sun tare rabin titi.

"Hanyar ofis ɗaya ce," in ji Zuwaira. "Saje, rufe gilashi. Mu je."